A Tara Kwance Kafin Hunturu Ya Shigo

Bahaushe idan ya ce sutura, abu biyu yake nufi a lokaci guda. Yana nufin riga da wando da zane da mayafi, yana kuma nufin rufin asiri. Shi ya sa idan tsoho zai sa wa yaro albarka sai ya ce Allah ya suturta ka, alhali kuwa ba ɗinkin Salla yake roƙa masa ba. To, a kan wannan kalma nake so in ɗora maganata, 'yan'uwana ɗalibai da sauran masu karatu, game da tsofaffin tufafin da ke danƙare cikin akwatunanmu, da kuma bayin Allah da ke kwana cikin sanyi a ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa har zuwa Kunchi da Tsanyawa da Bichi. Ra'ayina shi ne ya kamata kowace gunduma ta sami wurin da za a riƙa tara irin waɗannan tufafi ana raba wa mabukata. Amma fa akwai tarawar da ke rufa asiri, akwai kuma wadda ke tona shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.

Bari mu fara da lokacin da abin ya fi ciwo. Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu iskar hunturu kan taso daga hamada, ta ratso ƙasar Nijar, ta sauka a kanmu. A lokacin an riga an girbe gero da dawa, an sare kara, gonaki sun zama fili fetal, babu abin da zai tare iska sai 'yan gawo da kuka da ɗorawa. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauko kusan maki 13 a ƙasar Kano. Bature zai yi dariya in ya ji an kira wannan sanyi, amma shi yana da ɗaki mai rufaffiyar taga da bargon ulu. Wanda ke kwance a zaure bisa tabarma da 'yar shara guda, shi ya san abin da maki 13 yake nufi. Almajirai sukan raɓu da wutar kara har ta mutu, sa'an nan su dunƙule su jira rana. Tsofaffi sukan shiga da garwashi cikin kasko har ƙuryar ɗaki, kuma kowa ya san yawan gobarar da wannan ke haddasawa kowace shekara. Yara kuwa sai mura da tari da ciwon haƙarƙari.

Ga wani abin lura. Mu kyautar tufafinmu da Salla muka ɗaure ta. Azumi ya yi nisa, sai mai hali ya tuna da marayu da gajiyayyu, ya fito da abin da ya sawwaƙa. Wannan abu ne mai kyau, ba mai musu. Sai dai Salla tana bin watan sama ne, kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, shi kuwa hunturu yana nan inda yake. A shekarar 2025, alal misali, ƙaramar Salla ta faɗo ne a ƙarshen watan Maris, lokacin da bazara ta kankama, mutane na neman inuwa. Wanda ya sami riga a wannan rana ya yi ado, ya gode, amma sanyin da ya sha a watan Janairu ya riga ya sha shi.

Wani zai ce, ai mu ba mu bukatar a koya mana kyautar tufa, tun kaka da kakanni muna da kwance. Gaskiya ne. A ƙasar Hausa riga ba ta mutuwa da wuri. Wa ya sa ya bar wa ƙane, ƙane ya bar wa ɗan baffa. Uwar ɗaki takan tuɓe wa 'yar ɗakinta zane, maigida ya ba yaronsa babbar riga, ɗan ci-rani ya komo daga birni da ƙunshin kayan da ubangidansa ya haɗa masa. Idan rigar ta kai inda ba ta sawuwa, sai a yi mata faci, in facin ya gaza a yanke ta a fitar wa yaro 'yar taguwa. Babu wata ƙungiya da ta tsara wannan, kuma ya yi mana amfani ƙwarai.

Amma a duba da kyau a ga hanyar da kwance yake bi. Zumunci yake bi, da sanayya, da barantaka. Wanda yake da kawu ma'aikaci a Kano, ko yaya da ke aure a gidan ɗan kasuwa, ba zai rasa ba, wani lokaci ma har ya yi masa yawa. To, ina bazawarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, danginta kuwa duk talakawa ne irinta? Ina almajirin da aka kawo daga wata ƙasa, ba shi da kowa a garin sai malaminsa? Ina tsohon da 'ya'yansa suka tafi neman kuɗi Legas ko Fatakwal aka daina jin ɗuriyarsu? Waɗannan su ne suka fi bukata, kuma su ne ba su kan hanyar kwance. Ga kaya jibge a wani gida, ga tsiraici a wani gida, abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa su.

A da, mafakar irin waɗannan mutane ita ce gwanjo. Mutum ya sayar da 'yar kazarsa ran kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi, ya tsaya gaban mai gwanjo ya tsinci rigar sanyi da hula da safa, ya yi hamdala, don an ce da tsirara gara baƙin bante. Yana da kyau mu san daga inda gwanjon nan yake fitowa, domin akwai darasi a ciki. A Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai akwai manyan akwatunan ƙarfe a bakin titi da harabar kantuna, inda mutane ke zuba tufafin da suka gaji da su da niyyar sadaka. Ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, wadda aka kafa a garin Oxford a shekarar 1942, suna da kantuna inda suke sayar da mafi kyawun kayan, su yi aikin taimako da kuɗin. Amma abin da ake zubawa ya fi ƙarfin kantunan nesa ba kusa ba. Saboda haka sauran sai a sayar wa kamfanoni bisa nauyi, su tantance, su matse su cikin dila mai kilo 45 ko 55, wata ma har 100, a loda a jirgin ruwa. Dokar kwastan ta Nijeriya ta daɗe da sa tsofaffin tufafi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don haka shekara da shekaru yawancinsu sukan sauka ne a tashoshin maƙwabta kamar Kwatano da Lome, sa'an nan su san yadda suka yi suka tsallako iyaka. A Kano, kasuwar Ƙofar Wambai ita ce ta yi suna a wannan sana'a, daga can ƙananan 'yan kasuwa ke sarowa su bi kasuwannin ƙauye.

Watau dai rigar da wata Baturiya ta bayar sadaka, kafin ta iso Makoɗa ta bi hannu biyar ko shida, kowane hannu kuwa ya ɗora ribarsa. Ba na zargin mai gwanjo, sana'arsa ce, da ita yake ci da iyalinsa. Abin da nake nunawa shi ne farashin wannan riga yana rataye da abubuwan da talakan ƙauye ba shi da iko a kansu. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, kaya sun yi wuya. A shekarar 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, aka saki darajar naira, sai kuɗin dila da kuɗin mota suka tashi tare. Gwanjon da a da ake yi wa kallon kayan matsiyata ya zama abin da ma'aikaci ma sai ya yi ciniki ya sake. Mai 'ya'ya bakwai da ke jiran abin da gona ta bayar, in ya auna kwanon gero da rigar sanyi, ai ba sai an gaya maka wanda zai zaɓa ba.

Ga abin takaici. Ƙasar nan da muke jiran kwancen Turawa ita ce a da take tufatar da wasu. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a shekarar 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadin da ake saƙawa ana rinawa a nan, ana kai shi har Tambutu da Tarabulus. Ba a birni kaɗai ake aikin ba, mata a ƙauyuka su ke kaɗi, maza su yi saƙa da rani, kuma har yanzu in an ambaci masaƙa a ƙasar Kano sai an tuna da Minjibir. Daga baya masaƙun zamani suka zo, aka buɗe wata a Kaduna a 1957, Kano ma ta sami nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa, yau kuwa galibinsu a rufe suke. Wannan dogon zance ne na wata rana. Na kawo shi ne don kada wani ya ɗauka rashin tufa halittarmu ce.

Yanzu sai mu komo kan wurin tarawa. Kuskuren farko da za a iya yi shi ne a kwaikwayi akwatin Turawa yadda yake, a kafa durom a bakin kasuwa a rubuta "a zuba tsofaffin kaya a nan", kowa ya kama gabansa. Akwatin da ba shi da mai tsaro, ba shi da ido, juji yake zama. Mutum zai zuba abin da ba zai iya miƙa wa wani hannu da hannu ba saboda kunya: yagaggen wando, rigar da ta yi shekara ba ta ga sabulu ba, takalmi wari guda. Mutanen Gana sun ga ƙarshen wannan. A kasuwar Kantamanto da ke Akara, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon watan Janairu na 2025, wata ƙungiya mai suna Or Foundation ta ƙiyasta cewa wajen tufafi miliyan 15 ke shigowa kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba su sayuwa, shara suke zama, su toshe magudanan ruwa, su cika bakin teku. Masu zubawa a can Turai suna ganin sadaka suka yi, alhali sharar gidansu suka kwashe suka aika wa wasu.

Mu ma nan muna da irin wannan hatsari, kuma ya shafi gonakinmu kai tsaye. Ƙasarmu ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura ta huta, kowace shekara sai an nome ta. Abin da ya riƙe ta shi ne taki. Wani masanin ƙasa Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da mangalar taki. Har gobe manoman da ke kewayen Kano suna sayen sharar birni su watsa a gona, sai dai yanzu tifa ce ke kawowa. To, tsumman auduga in ya shiga ƙasa ruɓewa yake yi, gara ta cinye shi. Amma yawancin tufafin yanzu yadin roba ne, wanda ake yi da sinadarin man fetur, ɗan'uwan leda ne, zai yi shekaru a ƙasa yana nan. Duk wanda ya riƙe fartanya a irin waɗannan gonaki ya san yadda take sarƙewa da tsummoki, kuma mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin akuya. Idan muka buɗe ƙofa mutanen birni suka riƙa turo mana buhunan tarkace da sunan taimako, mun ƙara wa gonakinmu ciwo ke nan.

Don haka tilas wurin tarawa ya kasance a hannun mutum, mutumin da ake jin nauyinsa, wanda zai iya buɗe ƙunshi a gaban mai shi ya ce, "Alhaji, wannan ta yi, Allah ya saka da alheri, wannan kuwa a mai da ita gida." Muna da irin waɗannan mutane, ba sai an ƙirƙiro sabon ofis ba. Akwai dagaci da mai unguwa, waɗanda suka san kowane gida da abin da ke cikinsa. Akwai limamin Juma'a da 'yan agajin masallaci. Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a shekarar 2003, kuma dama da kaka ne manoma ke fitar da zakkar hatsi, lokacin da zukata suka karkata ga bayarwa, kuma hunturu yana bakin ƙofa. Me zai hana ranar da ake auna dammunan zakka a ce wa jama'a, wanda yake da tufar da bai sa ba shekara guda ya zo da ita? Addininmu ma ya haɗa ciyarwa da tufatarwa, don cikin kaffarar rantsuwa akwai tufatar da miskinai goma, kuma malamai kullum suna jan kunnenmu kada mu zaɓi mafi lalacewar abinmu mu ce shi ne na Allah. Ma'auni mai sauƙi ne: in ba za ka iya ba ƙanenka ita ba, kada ka kawo.

Amma babbar matsalar tana wurin rabawa, kuma a nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai. Ƙauye ba birni ba ne. A ƙauye kowa ya san rigar kowa. An san ranar da aka ɗinka ta, da telan da ya ɗinka, da bikin da aka fara sa ta. Ka ɗauki rigar ɗan mai kanti ka ba maraya, gobe ya shiga makaranta da ita, kafin a tashi tara wani yaro ya ce, "Kai, wannan ai rigar wane ce!" Daga ranar yaron nan ya gwammace ya sha sanyi da ya sake sa ta. Haka matar da aka ba zanen da duk matan unguwa suka gani a jikin wance ran suna, ba za ta fita da shi ba, in ma ta fita za ta ji a jikinta ana kallonta. Ga kuma sabuwar ɗabi'ar da ta shigo, a jera mabukata a rana, a miƙa wa kowa ƙunshi, a ɗauke su hoto da waya a watsa wa duniya. Wanda aka yi wa haka an ba shi riga, amma ba a suturta shi ba.

Maganin wannan bai fi ƙarfinmu ba. Na farko shi ne musaya. Abin da aka tara a ƙasar Makoɗa a kai shi ƙasar Kunchi, na Kunchi a kai Tsanyawa, na Minjibir ya tafi Ɗambatta. Motocin kasuwa kullum suna bin waɗannan hanyoyi, buhu biyu ko uku ba za su gagari direba mai son lada ba. Rigar da ta yi tafiyar kilomita talatin ta rabu da tarihinta, ta zama riga kawai. Sa'an nan a sa tela a ciki. Babbar riga guda, in ta sami almakashi mai kyau, za ta fitar da kaftani da wando na yaro har a sami ragowa, kuma ba mai gane ta. Rabawa kuwa a yi ta da dare ko da sassafe, a aika gida, kamar yadda iyayenmu ke aika tuwo gidan maƙwabci a rufe cikin akushi ba tare da sanarwa ba.

Sai kuma mata, waɗanda in ba a yi hankali ba za a manta da su, alhali su ke riƙe da mafi yawan tufafin. Lefe da kayan suna da ankon biki, wanda akan sa sau ɗaya a ninke, duk suna cikin akwati da kwalla suna shan ƙamshin turare. Matan aure da yawa ba za su fito zauren dagaci ba, kuma bai kamata a ce wa namiji ya je yana zaɓen zannuwan mata ba. Hanyarsu daban ce, kuma tana nan: ungozoma, wadda ta san gidan da aka haihu babu ko zanen goyo, da malamar Islamiyya, da uwar adashe. Su za su karɓa, su za su kai. Amma a nan sai a yi hattara. Ga macen ƙauye marar ƙarfi, zanen da ke ƙasan akwati ajiya ce, shi ne asusunta. Ranar da yaro ya kwanta ciwo, shi za ta ba dillaliya ta sayar ta sayi magani. Ba ita ake wa wannan kira ba, kuma kada a kunyata ta don ba ta kawo ba. Masu iya magana sun ce in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Masu akwati shida da goma sha biyu ake nufi, da 'yan asalin ƙauyen da Allah ya ɗaukaka suna zaune a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ɗakunansu suka cika da shadda har ba su san adadinta ba.

Na san akwai masu ƙin bayar da tufarsu don tsoron kada a yi musu sammu da ita. Ba a faɗin wannan a fili, amma yana nan, har a tsakanin 'yan boko. Ba zan tsaya gardama a kansa ba, sai dai in ce musayar da na ambata ta kashe wannan magana, tun da wanda rigar za ta je hannunsa bai san mai ita ba, bai san ma garin da ta fito ba. Akwai kuma kayan mamaci. Waɗannan haƙƙin magada ne, har da marayun da ba su balaga ba, don haka ba a kwasar su a kai wurin tarawa sai an raba gado, mai rabo ya bayar da nasa da yardarsa. Mai karɓa ya riƙa tambaya.

Masu cewa ai waɗanda aka ba amana za su zaɓe masu kyau su kai kasuwa, ba su yi ƙarya ba, an sha ganin irin haka a rabon kayan agaji. To, a sa mutum uku maimakon ɗaya, a ajiye littafi a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta jimillar a masallaci ba tare da ambaton sunan wanda ya karɓa ba. Teloli da masu gwanjo kuwa kada su ji tsoro. Wanda za a ba wannan kaya dama ba mai sayen nasu ba ne, ga shi kuma telan zai sami aikin gyara.

Wanki ba abin wasa ba ne a wannan al'amari. Ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata duk suna bin tufa, kuɗin cizo ma yakan ɓuya cikin ɗinki. A wanke komai da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana sosai, a bi da dutsen guga kafin a ninke. A kuma ajiye su bisa katako nesa da ƙasa saboda gara da ɓera.

To, waɗanda suka wuce sawa fa? Nan kam iyayenmu mata sun riga kowa sanin abin yi. Tsumma mai laushi na auduga yakan zama ƙunzugun jariri ko majanyi. Ana yin gammo da shi, a murɗa shi ya zama igiyar ɗaure akuya, a cusa shi a matashi ko akumarin jaki, har lagwanin fitila ana yi. Tsohuwar rigar sanyi akan warware zarenta a saƙa hular yaro. Abin da nake ganin ya fi kowane amfani shi ne a harhaɗa ƙyallaye, a yi su ninki biyu ko uku, a bi su da keke, su zama abin rufa mai kauri. Wanduna biyar da suka mutu a gwiwa za su ba da mayafin da zai rufe almajirai biyu. Yadin roban nan da muka ce ba ya ruɓewa, gara ya ƙare rayuwarsa cikin matashin kai da ya ƙare ta a gonar gero. 'Yan mata da ke koyon ɗinki a makarantu da wuraren koyon sana'a sun sami abin gwada hannu ke nan ba tare da an sayi sabon yadi ba.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason, kuma ba ƙarami ba ne. Kowace shekara 'yan ajin ƙarshe sukan gama jarrabawa su tafi su bar kayan makaranta da barguna da zannuwan gado da rigunan sanyi a ɗakin kwana, wasu a yashe a bayan ɗaki, wasu ma a cinna musu wuta don murnar gamawa. A makarantar da ke yaye ɗalibai ɗari biyu, ko rabinsu ne suka bar bargo ɗaya ɗaya, an sami barguna ɗari. Shugabannin ɗalibai za su iya tattara su kafin a watse, a wanke, a cire bajen makaranta daga jikin riguna, a kulle a sito a hannun malamin da ke kula da ɗakunan kwana. Sauran aikin, wato ƙidaya da rubutawa da rarraba na yara daban na manya daban, ai aikin masu biro ne, mu ke nan, kuma dagaci zai yi murna da samun wanda zai riƙe masa littafi.

Lokaci shi ne abin kiyayewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A fara karɓa cikin watan Oktoba, da an soma shigo da amfanin gona. Farkon Nuwamba a yi wanki da gyara da musaya tsakanin gundumomi. Kafin a ba mu hutun Disamba ya kasance kaya sun isa gidajen da za su je, a fara da barguna da rigunan sanyi na yara da tsofaffi, kayan ado kuwa a ninke su a ajiye har azumi ya zo.